Shuɗiyar tsakar da ake cewa Turawa na saye: akwai ta a dajin Falgore?

Ɗan_Doguwa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani hoto ne ke ta yawo a wayoyin samarin garinmu, hoton wata 'yar tsaka shuɗiya, kai ka ce yanzu aka tsamo ta daga karofi. Wai Turawa na sayen guda ɗaya da kuɗi mai tsoka, wai kuma akwai wanda ya taɓa ganin irinta a bakin wani rafi cikin dajin Falgore. Maganar ta yi nisa, don har wasu yara sun fara tanadin gwangwani da tsohon gidan sauro za su shiga nema. Ni dai tun tasowata tsakar da na sani ita ce ta bango, fara-fara ko ruwan ƙasa. Don Allah masu sani su warware mana. Akwai wannan halitta da gaske? In akwai, ina ne mazauninta, kuma za a iya samunta a dajinmu?

Mai_Cajin_Waya
Wa alaikumus salam. Haɗin kwamfuta ne kawai. A shagona kullum sai na ga irin waɗannan hotuna a wayoyin mutane, yanzu ba abin da ba a haɗawa.

Jikan_Sarkin_Baka
Ni a gidan farauta na tashi. Kakana ya san Falgore tun ana ce masa gandun Kogin Kano, ni ma na bi shi ina yaro ina riƙe masa gora. Damo, guza, hawainiya, kulɓa, ƙadangaru iri-iri, duk mun gani. Shuɗiyar tsaka kam ko a hirar tsofaffi ban taɓa ji ba, kuma maharbi ba ya ganin baƙon abu a daji ya dawo gida ya yi shiru.

Malamin_Kimiyya
Mai_Caji, a wannan karon hoton na gaske ne. Dabbar tana nan da ranta. Masana suna kiranta Lygodactylus williamsi, kuma wani Bature, Arthur Loveridge, shi ya fara rubuta bayaninta a 1952. Amma Jikan_Sarkin_Baka ma gaskiya ya faɗa: babu ta a Falgore, babu ta a Najeriya, babu ta a Afirka ta Yamma baki ɗaya.

Duk faɗin duniya wuri ɗaya Allah ya ajiye ta, gabashin Tanzaniya, yankin Morogoro, a gindin duwatsun Uluguru. Akwai wani kurmi can da ake kira Kimboza, shi ne cibiyarta, sai kurmin Ruvu da ke maƙwabtaka da shi, da wasu 'yan guntayen kurmi a kusa. Kimboza ɗin nan kimanin hekta 385 ne, wato bai ma cika kilomita 2 tsawo da kilomita 2 faɗi ba. Falgore namu ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ninka shi fiye da sau 200. In aka tattara duk inda tsakar ke zaune a zahiri, kimanin murabba'in kilomita 8 ne.

Ko a cikin kurmin ma ba kowace bishiya take hawa ba. Bishiya iri ɗaya tak ta sani, ana ce mata Pandanus rabaiensis. A kanta take kwana, a kanta take farautar ƙananan ƙwari, a gindin ganyenta take samun ruwa, nan kuma take manna 'yan ƙwayayenta guda biyu. Bishiyar kuwa ba ta rufe ko kashi ɗaya cikin biyar na kurmin ba. Saboda haka Ɗan_Doguwa, ka faɗa wa yaran nan su ajiye gwangwani. Inda babu bishiyar babu tsakar.

Na_Bakin_Dutse
Allah ya gafarta malam, ba musu nake ba, amma ni na ga mai shuɗi da idona a duwatsun bayan garinmu, nan ƙasar Dutse. Da hantsi suke fitowa shan rana. Wutsiyar shuɗiya ce sosai, jikin baƙi da zane-zane masu ruwan ɗorawa daga kai har baya. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Jikan_Sarkin_Baka
Kulɓa ka gani, ƙanena. Jikinta sumul yana ƙyalli ko? In ka matso sai ta zura da gudu ta shige tsaguwar dutse? Ƙanana da mata ne ke da shuɗin wutsiya, namiji in ya manyanta launinsa sauyawa yake. Ina kyautata zaton wanda ya ce ya gani a Falgore ma ita ya gani, ko kuma jangwada ya hango daga nesa, tunda shi ma jikinsa na da duhun shuɗi lokacin da yake neman mata.

Na_Bakin_Dutse
Haka take wallahi, Baba. Tana ƙyalli.

Malamin_Kimiyya
Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su, dubi yatsu. Kulɓa da ƙadangare farce suke kafawa su hau. Irin tsakar da ke bin bango kuwa yatsunta suna da ɗan faɗi, ƙarƙashinsu akwai wasu gashi ƙanana dubbai a kan dubbai, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke kama ko da gilashi ne. Ba danƙo ba ne, ba kuma yawu ba. Ita ta Tanzaniyar har a ƙarshen wutsiyarta tana da irin wannan abin kamu, shi ya sa iska ba ta kaɗo ta daga kan ganye mai santsi.

Gwaggon_Yara
Ni fa ko sunan tsaka ba na son ji. A garinmu, ƙasar Ringim, in ta faɗa randa zubar da ruwan ake yi a wanke randar da toka, don an ce kuturta take sawa. Ko tuwo ta bi ta kai ba mai ci. Yanzu a ce mutum da hankalinsa ya cire kuɗi ya sayi tsaka ya ajiye a ɗakinsa? Allah ya sawwaƙe.

Ma'aikaciyar_Lafiya
Gwaggo, wanke randar daidai ne, ki ci gaba da yi, amma ba don kuturta ba. Kuturta ƙwayar cuta ce, wani likita a ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ta tun 1873. Daga mutum take zuwa mutum, ta hanci da baki, in an daɗe ana zama da mai ita wanda bai fara shan magani ba. Tsaka ba ta da hannu a ciki, kuma ba ta da dafi. Abin da ake gudu a kashinta shi ne ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da zazzaɓi, irin waɗanda ake samu a kashin kaji da ƙadangaru. A rufe abinci, a rufe randa, shi ke nan.

Na tsaya a kan wannan ne saboda na sha ganin mutum ya zo da farin tabo a fata wanda ba ya jin taɓi a wurin, ya shekara yana cewa tsaka ce ta yi masa fitsari, yana shafe-shafe a gida har yatsu su fara lalacewa. Alhali maganin kyauta ake bayarwa, wata 6 zuwa 12 mutum ya warke in ya zo da wuri.

Gwaggon_Yara
To 'yata, na ji, Allah ya yi albarka. Amma dai ni da ita ba ma zama ɗaki ɗaya.

Ɗalibin_Zaure
Ina mamakin yadda ake ta tausayin tsaka a nan. Hadisi ya tabbata a Bukhari daga Ummu Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe ta, ya ce ta kasance tana hura wa Annabi Ibrahim (AS) wuta. A Muslim kuma an ambaci lada ɗari ga wanda ya kashe ta a bugun farko. In wannan ta ƙare a duniya, mu mene ne namu na damuwa?

Alaramma_Na_Gabas
Ɗalibi, hadisan da ka kawo ingantattu ne, ba mai ja da su. Amma ka haɗa su da sauran nassosi. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Akwai kuma hadisin Annabin da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi yana tuhumarsa a kan halaka al'umma guda mai tasbihi. A fahimtata, wadda ta shigo maka ɗaki tana bin kwanuka hukuncinta daban, amma ban san malamin da ya ce a yi tattaki zuwa kurmi a sare itatuwa a ƙarar da wani jinsi kakaf ba. Su masu kamun nan ma ba lada suke nema ba, dala suke nema. Wallahu a'alam.

Ɗalibin_Zaure
Allah ya gafarta malam, lafazin hadisin bai ware ta gida da ta daji ba. Zan dai kai tambayar wurin karatu in ji abin da malaminmu zai ce.

Ɗan_Doguwa
Jama'a mun ɗan yi nisa da tambayar. Malamin_Kimiyya, batun kuɗin fa? Don shi ne ya ɗauki hankalin yaran. Da gaske ana saye?

Malamin_Kimiyya
An saya, kuma sayen ne ya kusa gamawa da ita. A Turai da Amurka akwai masu kiwon irin waɗannan halittu cikin akwatin gilashi don sha'awa. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa daga Disamba 2004 zuwa Yuli 2009 an kwashe tsakanin 32,000 da 42,000 daga kurmin, kimanin kashi 15 cikin ɗari na dukkan jinsin a lokacin. Kuma duk ta ɓarauniyar hanya, domin Kimboza gandu ne na gwamnati, ba a yarda a kama komai a ciki ba. Sai a rubuta sunan wata tsakar daban a takarda a fitar da ita.

Yadda ake kamun ne ya fi ɓata rai. Ganyen bishiyar na da ƙaya, tsakar kuma can cikin gindin ganye take ɓuya, hannu ba ya shiga. Sai kawai su sare bishiyar ta faɗi su tsince su a ƙasa. Kowace bishiya yawanci namiji ɗaya ne da mace ɗaya zuwa uku da 'ya'yansu. An kama na yau, an kuma rushe gidan da na gobe za su zauna.

A 2012 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg, aka sa ta a rukuni na ɗaya, wanda ke nufin an haramta cinikin wadda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya ma tana cikin yarjejeniyar. Ko da a ce wani ya same ta a nan, ranar da ya kai ta filin jirgi ranar zai shiga hannu.

Tsohon_Ɗalibin_Morogoro
Sai yanzu na ga wannan zance, kuma ya taɓa ni, don a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro na yi karatu, an kuma kai mu Kimboza aikin fili. Bari in ba ku abin da ido ya gani.

Da ka sauka daga mota ka shiga ƙarƙashin itatuwa, rigarka za ta manne maka a jiki, ba don rana ba, don damshin iskar. Ƙasar duk dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ruwa na tsattsafowa ta ko'ina, wani wurin ka taka ƙafarka ta nutse. A irin wuraren nan masu dausayi bishiyar take. Saiwoyinta ba a binne suke duka ba, daga jikin kututturen suke fitowa su gangaro su kafu a ƙasa ta kowane gefe. Ganyen dogaye ne, wasu sun fi mita guda, a murɗe suke fitowa daga kai, gefensu da ƙaya irin ta ganyen abarba. In ka leƙa gindin ganyen za ka ga ruwa kwance da 'yan ƙwari.

Mai yi mana jagora ya ce mu tsaya cik. Can sai ga namijin ya fito kan ganye inda rana ta ratso. Duk da wutsiyarsa bai wuce tsawon yatsa ba, santimita 8 ko ƙasa da haka. Bayansa shuɗi mai haske, cikinsa ruwan lemo, da baƙin zane ta kan ido da maƙogwaro. Macen ba shuɗiya ba ce, kore-kore ce mai ruwan tagulla, sai ka kula sosai za ka gan ta. Da rana suke harka, saɓanin tamu ta bango mai jiran a kunna fitila. Da wani ɗalibi ya ɗaga hannu, nan take launin namijin ya dushe ya yi duhu, ya zagaya bayan ganye ya ɓace.

Mai_Cajin_Waya
Ikon Allah. To ranka ya daɗe, me ya hana ta yaɗuwa? Ai Tanzaniya babbar ƙasa ce, daji ko'ina.

Tsohon_Ɗalibin_Morogoro
Daji suna ya tara. Akasarin dajin Tanzaniya na itatuwa ne jefi-jefi da ciyawa, mai bushewa da rani ya ci wuta, kusan irin na kudancin Kano. Su duwatsun Uluguru suna cikin wani jerin tsofaffin duwatsu da ke fuskantar Tekun Indiya. Iskar teku mai ɗauke da ruwa tana zuwa ta bugi jikinsu ta sauke. Shekaru miliyoyi ƙasar da ke kewaye tana bushewa tana jiƙewa, su kuwa kurmin gindinsu bai taɓa bushewa ba. Duk halittar da ta saba da damshin nan sai ta zama a tsare, don ba za ta iya ratsa busasshen fili ta kai wani kurmin ba. Da tafiya ta yi tafiya kowane kurmi ya zama da nasa jinsin da babu a wani wuri. Ruwan da ake yi a Kimboza a shekara ya kusa ninki biyu na namu na Kano, kuma ba su san hunturu irin namu mai tsaga leɓe ba. Ƙwan da aka manna a jikin ganye a Falgore cikin Janairu ba zai kai labari ba.

Ku kwatanta da ta gida. Akwai wata tsakar bango ta Afirka, Hemidactylus mabouia, wadda ba ta zaɓen wuri, ko cikin kaya za ta kwana. Ta bi jiragen ruwa ta ƙetare teku, yau tana Brazil da tsibiran Karebiyan har Florida ta Amurka. Jinsunan tsaka a duniya sun haura 1,500, wasu sun game nahiyoyi, wasu kuma duk duniyarsu kurmi ɗaya ne ko tsibiri ɗaya. Ta Madagaska mai wutsiya kamar busasshen ganye ma haka take, ba ta wani wuri sai can.

Mai_Gawayi
Ni fa kun ga, zan faɗi gaskiyata ko ba za ta yi daɗi ba. Gawayi nake yi, da shi nake ci da iyali. Duk lokacin da aka fara irin wannan zance a kanmu yake ƙarewa, a ce mu ne masu kashe daji. Bature ya ƙoshi ya ajiye tsaka a gilashi, sannan a zo a ce talakan ƙauye kar ya taɓa itace saboda tsaka. Na tabbata mutanen da ke kusa da kurmin can ma talauci ne ya sa su kamawa, ba mugunta ba. Wa ya tambayi abin da 'ya'yansu za su ci?

Tsohon_Ɗalibin_Morogoro
Mai_Gawayi, ba ka faɗi ƙarya ba, manoma ne talakawa kamar namu, kuma ɗan abin da ake ba mai kamu ba ya kama ƙafar abin da dillalin Turai ke samu. Amma kurmin ba na tsaka kaɗai ba ne. Kogin Ruvu daga duwatsun Uluguru yake tasowa, ta Kimboza yake ratsawa, kuma shi ne ke shayar da mafi yawan Dar es Salaam, birni mai mutane miliyoyi. In itatuwan kan dutse suka tafi, ruwa zai zo da laka lokaci ɗaya ya wuce, da rani a rasa. Tsakar ita ce dai ta fara nuna alamar an taɓa wurin.

Kuma yanzu ba gatari ne kaɗai matsalar ba. A ƙarshen shekarun 1950 an kawo wata bishiyar katako daga Kudancin Amurka, Cedrela, aka dasa a gandun da kyakkyawar niyya. Ta yi ta zubar da iri. Duk inda gobarar daji ta cinye, ita ke riga kowa tsirowa, ta yi tsawo ta rufe wurin, bishiyar tsakar ta rasa inda za ta dawo. Har aikin sare ta ake yi yanzu, kuma mutanen ƙauyukan ne ake ɗauka su yi.

Bahaɗejiya
Wannan labari na baƙuwar bishiya mu mun san zafinsa, sai dai namu ciyawa ce. Ku zo fadamar Haɗeja zuwa Nguru ku ga kacala. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da lokacinsa ya janye da lokacinsa, sai ya zama yana nan kwance duk shekara a wasu wurare. Kacala ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, masunta ba sa iya tura kwalekwale, jan baki kuma ya samu wurin kwana. Mahaifiyata sana'arta saƙar tabarma da faifai. Da can bayan gari ake yanko kaba, yanzu sai an saya daga nesa saboda goruba ta ja baya. Ni ban san tsakar Tanzaniya ba, amma na san yadda abu ke ƙarewa a gaban idon mutane suna cewa ai yana da yawa.

Mai_Gawayi
Hajiya, kacala ai ba mu muka kawo ta ba. Manya ne suka tare ruwa.

Bahaɗejiya
Ban ce kai ba ne, ɗan'uwa. Cewa na yi kowa da hannunsa a ciki, babba da ƙarami.

Ɗan_Riruwai
Tambaya gare ku malamai. Mu a Najeriya ba mu da irin wannan, tsakar da babu ita ko'ina sai nan?

Malamin_Kimiyya
Muna da su. Wani masani ɗan Suwizalan, Jean-Luc Perret, ya bayyana guda biyu a 1986. Ɗaya a duwatsun wajen Riyom a tsaunin Jos, ɗaya a duwatsun Idanre a jihar Ondo. Dukansu a tsaguwar manyan duwatsu suke zama inda akwai inuwa da sanyi, launinsu irin na dutsen, ba mai ɗaukar ido ba, shi ya sa ba wanda ke yawo da hotonsu. Abin da ke barazana gare su shi ne fasa dutse da sare itatuwan da ke yi wa duwatsun inuwa.

Duwatsunku na Riruwai kuwa dangin na Jos ne, shi ya sa ake samun kuza a duka biyun. Da ɗalibanmu na sakandare za su riƙa ɗaukar hoton duk ƙadangare da tsaka da suka gani a can, su rubuta wuri da wata, da sun tara abin da jami'o'inmu za su amfana da shi. Hoto kawai, ba kamu ba, ba jifa ba.

Jikan_Sarkin_Baka
Malam, tunda an zo nan bari in tambaya. Akwai wata da muke gani da dare farkon damina, a ƙasa take tafiya a hankali, ba ta hawa bango. Jikinta ratsi-ratsi, ruwan ƙasa da mai duhu, wata da farin layi a gadon baya. Wutsiyarta kauri gare ta, har wasu na cewa kai biyu gare ta. Da rana tana ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture ko ramin gara inda ƙasa ke da laima. Mutanenmu tsoronta suke fiye da kububuwa, wai in ta ciji mutum ba ya kwana.

Malamin_Kimiyya
Baba, ka kwatanta ta sarai. Hemitheconyx caudicinctus ke nan, tsaka mai kitsen wutsiya. Tamu ce ta Afirka ta Yamma, daga Senegal har arewacin Kamaru. Ba ta da dafi ko kaɗan. Kitse take tarawa a wutsiyar don ta ci da rani lokacin da ƙwari suka yi wuya, in kuma wutsiyar ta gutsure ta sake fitowa sai ta fito a dunƙule, shi ne ake gani kamar kai na biyu. Ita tana da fatar ido tana ƙiftawa, saɓanin ta bango da ke lasar idonta da harshe. Ita ma ana kiwonta a Turai, an daɗe ana fitar da ita daga Ghana da Togo da Benin.

Saurayin_Tudun_Wada
To ai ga shi nan! Ashe dai akwai ta kuɗi a dajinmu. Malam ka ce babu, yanzu kuma ka ce akwai. A ina ake kaiwa?

Malamin_Kimiyya
Ƙanena, shuɗiyar na ce babu, kuma har yanzu babu. Wannan kuwa masu kiwo a can sun daɗe suna hayayyafa tasu, wadda aka haifa a hannu suka fi so don ba ta zuwa da cuta. Fitar da dabba mai rai daga ƙasa sai da takardun hukuma, kuma Falgore gandu ne, kamu a cikinsa laifi ne.

Uban_Marayu
Ku saurare ni, yara. Na ga zamanin da aka ce ana sayen tsohon dutsen guga na gawayi da miliyoyi, wai akwai wani sinadari a ciki. Wani maƙwabcina ya sayar da tumakinsa ya bi dillalai gari-gari, wannan ya ce kawo kuɗin gwaji, wancan ya ce mai sayen yana hanya. Har yau mai sayen bai iso ba. Duk cinikin da ba a ganin mai saye sai ɗan aike, a yi hattara. Sannan dajin Falgore ba wurin da yaro zai shiga da gwangwani ba ne, kowa ya san abin da aka sha fama da shi a can na ɓarayin shanu, ga macizai farkon damina.

Ɗan_Doguwa
Baba, wannan ita ce damuwata tun farko. Na tura wa biyu daga cikin yaran bayanin Malam da na mutumin Morogoro. Ɗaya ya haƙura. Ɗayan ya ce malaman boko ne ke son su ɓoye harkar su ci su kaɗai.

Saurayin_Tudun_Wada
Ni ban ce haka ba, amma ina da tambaya. In an kawo irin bishiyar aka dasa a fadama, a bakin Tiga misali, inda ruwa ba ya yankewa, ba za a iya kiwonta a nan ba? Ai zai rage wa kurmin can nauyi.

Tsohon_Ɗalibin_Morogoro
Tunanin ba laifi, kuma kiwo a hannu yana cikin abin da ya rage kamun daji, don a Turai suna hayayyafa ta. Amma cikin akwati suke yi, da fitila ta musamman, da fesa ruwa safe da yamma, da ƙananan ƙudaje da ake kiwo don ita. Jiƙa saiwa a bakin dam ba zai jiƙa iskar Fabrairu ba. Kuma iyayen farko daga ina za ka samo su, da wace takarda? Ni da za a tambaye ni inda saurayi zai sa ƙarfinsa a fadama, gara ya raini dashen goruba da giginya da kirya, waɗanda ƙasar ta san su kuma kasuwarsu na nan a gida.

Ɗalibin_Zaure
Na yi tambayar da na ce zan yi. Malam ya ce ta cikin gida a kashe ta ba tare da azabtarwa ba, kar a ƙona ta da wuta. Batun ta kurmi kuma ya ce zai duba ya ba ni amsa ranar Alhamis.

Mai_Gawayi
Na Morogoro, ka ambaci kirya. Ita ce gawayinta ya fi kowanne, maƙera ma ita suke nema, kuma a wajenmu yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga babba guda ɗaya. Na taɓa zuba irinta a bayan gida bai fito ba, ƙwayar tauri gare ta. In akwai wanda ya san yadda ake tsirar da ita, ko inda ake samun dashe a wajen Tudun Wada ko Sumaila kafin ruwa ya sauka, ya taimaka ya rubuto a nan.